Tsuntsun da Baba bai gaya mini sunansa ba

Daren Laraba, Doha

Yau ma ban ci abinci ba.

Da hantsi ina gadi a ƙofar benenmu na unguwar West Bay, titi wayam saboda korona, sai ga wani ɗan tsuntsu mai jan wutsiya ya sauka kan shinge yana kuka. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na ɗauki kukan a waya na tura wa Baba, kamar kullum.

Baba ya tsufa yana zagayawa da baƙi cikin dajin Yankari, su suna ɗokin giwa, shi yana nuna musu burtu da carki. Da kunne kawai yake gane tsuntsu. Ni kuwa tun da na zo nan nake tsokanarsa. In tura masa ƙarar ƙofa ko fitona, in ce, "Baba, canki tsuntsun Larabawa." Sai ya ce, "Wannan sunansa ja'iri, ni na haife shi."

Sai da saƙon ya tafi na tuna. Ran Juma'a aka kai shi makwancinsa. Babu jirgi, ko ƙasar kabarinsa ban taɓa ba.

Bayan la'asar amsa ta shigo daga lambarsa. Nan take na buɗe. Ashe ƙanwata Hajara ce ke riƙe da wayar. Muryarta a dishe ta ce, "Yaya, yau kuma ƙofar wa ka ɗauko?"

Na ce mata wannan karon na gaske ne.

Ta ce, "To ya sunansa?"

Allah ya jiƙanka, Baba. Wa zan tambaya?