Dutsen da na aza maka a kai

Baba,

Ina gaisuwa, tunda haka aka koya mini fara wasiƙa. Ba zan tambayi lafiyarka ba. Na san ba za ka karanta wannan ba, shi ya sa ma na zauna rubutawa. Da ranka ba ka taɓa barina na kai ƙarshen magana ba. Yau ba ka da hannun ɗagawa.

Ga labarin gida. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. Majami'arku ta sami sabon mai bishara, wani yaro daga Maradi, ya gaji kujerarka. Ba ya tsawa, ba ya nuna mutane da yatsa, kuma benci ya fi cika fiye da zamaninka. Na ga ya kamata ka sani. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ka yi shekaru kana yi musu addu'ar shiriya da ƙarfi don su ji ta katanga, su ne suka share mana ƙofar gida, suka shimfiɗa tabarmi ranar jana'izarka.

Ka san halin maƙabartarku ta bayan gari. Karnuka na tono, dole a danne kabari da duwatsu. Dattawan ikkilisiya suka fara zancen karo-karo, na ce su bari, ni ne babban ɗa, kuma ni ke da motoci. Na kawo duwatsun da kaina daga wajen Ingal. Akwai guda ɗaya da na aza daidai kanka, mai girman turmi, ja-ja, da rami a kowane gefe. Ka san ko mene ne shi? Ƙashin baya ne, Baba. Gaɓa ɗaya daga gadon bayan dinozor, dabbar nan da ka rantse ba a taɓa yin ta ba.

Ka tuna haƙorin? Ina kolej, mushen kimiyya, malaminmu, ya ce mana wannan hamadar da can kogi ce da kurmi, dabbobi sun rayu a cikinta sun ƙare tun babu ɗan Adam. Ya ba ni aron wani haƙori da ya zama dutse, tsawon yatsana. Da gudu na kawo maka. Wallahi murna nake, na ɗauka za ka ce dubi ikon Ubangiji. Ka juya shi a hannu, ka ce duniya a kwana shida aka yi ta, shekarunta ƴan dubbai ne, an jera su a Littafi daga Adamu, wannan kuwa Shaiɗan ne ya binne don ya kama masu girman kai. Ka ɗauki taɓaryar Inna ka dake shi. Abin aro, Baba.

Ran Lahadi ka durƙusar da ni gaban jama'a in ce mushe maƙaryaci ne. Na ƙi, don mutumin bai yi mini ƙarya ba. Kafin wata Lahadin ka cire ni daga lakkwal, ka raba ni da aji, ka miƙa ni aparanti, yaron mota, a kamyo, babbar motar kayan da ke zuwa Dirku. Ni da nake na farko a aji. Ka ce gara in shiga sama da jahilci da in shiga wuta da difloma. Wa ya ba ka wannan zaɓin a kaina?

To, na yi kaina. Na kwana ƙarƙashin kamyo, na sha ruwan radiyata, na zama shofer mai tuƙi da kaina, na sayi kat-kat ta farko, motar shiga rairayi, na sayi ta biyu. Ka san su wa suka ɗaga ni? Masu tonon ƙasusuwa. Ni nake kai su daji da Abzinawan da suka san wuraren. Na ga ƙashin cinya da ya fi ka tsawo kwance a rana. Na ga ƙasa hawa-hawa kamar tabarmi a jibge, kowane hawa da irin halittarsa, babu ƙashin mutum ko ɗaya a ciki. Da na faɗa maka, sai ka canza zance, ka ce ai ruwan tsufana ne ya cinye su zamanin Nuhu. Ashe yanzu an yi su? Ina Shaiɗan ɗin da ya binne? Ba ka ce ka yi kuskure ba, ba ka ko ambaci haƙorin ba. Ka dai ci gaba da cin shinkafar da ƙasusuwan Shaiɗan suka saya, da yin sujada ƙarƙashin kwanon da suka rufa wa majami'arka, kana sa albarka ga Mai bayarwa, ban da ɗan aike.

Inna ba ta san komi ba. Duk Lahadi bayan sujada takan je da buta ta wanke dutsen, ta ce na zaɓo maka matashin kai mai kyau. Nakan tsaya a bayanta ina kallo.

Saratu ce ta gane, ƴata, jikarka da ka yi wa baftisma da hannunka. Tana lise yanzu, gaba da kolej, kimiyya take karatu, kuma ba ta fashin majami'a. Kallo ɗaya ta yi wa dutsen ta juyo ta kalle ni. A mota ta ce mini ita ƙashin bai dame ta ba. Wai kwanakin Allah ba irin namu ba ne, farkon Littafi yana faɗin wanda ya yi ne, ba yadda ya yi ba, kuma wanda ya yi Adamu shi ya yi dabbar. Ka ji? Abin da ka raba ni da karatu a kansa, yarinya ta warware shi tsakanin maƙabarta da kasuwa. Da kai ne da ka dake ta da taɓarya. Abin da ya dame ta, in ji ta, niyyata ce: na mai da kabari wurin ramuwa, na bar tsohuwa tana wanke zagi da hannunta. Ta ce in ɗauke shi kafin Nowel, bikin Kirsimeti, in ba haka ba za ta koma ɗakin Inna, ba za ta ƙara kwana a gidana ba.

Ita kaɗai gare ni, ka sani. Na yi tunani sosai. Har na kai mota bakin maƙabarta da aparanti biyu. Na tsaya a kanka, na tuna ƙarar taɓaryar nan. Sai na aike su suka kawo siminti da yashi. Yanzu ko kamyo ba zai ciro shi ba.

Saratu ta ɗauki jakarta shekaranjiya. Ba ta gaya wa Inna dalili ba, ta fi mu kirki, ni da kai. Kar ka yi murna, kar ka ce na zama kai. Kai korar ɗanka ka yi. Ni tawa da ƙafarta ta fita, kuma ko tana ina, kuɗin lakkwal ɗinta ba zai tsaya ba. Gidan ya yi shiru, wannan gaskiya ne. Shi ma a kanka na aza shi.

Ka sha faɗa mana ranar ƙarshe za a busa ƙaho, matattu su tashi. In gaskiyarka ce, kafin ka miƙe sai ka ɗaga wannan ƙashin daga kanka. Ka riƙe shi da kyau, ka kai wa wanda ya yi shi, ka tambaye shi shekarunsa. Shi ba za ka katse masa magana ba.

Sai ranar.

Ɗanka da bai gama kolej ba,
Dauda