An Kai Tahira Riƙo

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya a can Fatakwal. Yaya ciwon bayan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekaranjiya aka sallamo ni daga asibiti a Kano. Na shigo gida na tarar da ɗakina a share tas, ko takalmin yarinyar babu. Inna, mahaifiyarka, ta ce ai an yaye ta, an kai wa Gwaggo Hure riƙo a ƙauyensu na wajen Tofa, kuma kai ka ba da izini ta waya. Na san 'yar fari ce, bai kamata a ji sunanta a bakina ba. To ga shi na rubuta, Tahira, 'yata.

Da a da ne, da yanzu wayarka ta cika da kirana, in zage ka tas sannan in dawo ina kuka ina roƙon kada ka sake ni. Likita ta ce in riƙa rubutawa, in bari ya kwana kafin in aika, shi ya sa ka ga takarda. Ta ce ba aljanu ba ne, duk hayaƙin da aka banka mini a banza na sha shi. Ba hauka ba ce kuma. Ciwo ne mai suna bodalayin, yana sa mutum ya ji komai fiye da kima. Shi ya sa da safe ba ni da kamarka, da yamma ko muryarka ba na son ji. Shi ya sa duk ranar da ka ɗauki jakar ci-rani nake jin kamar mutuwa aka yi mini, har rannan na ɗora hannuna a kan garwashi. Ta ce wani abin a jini yake, wani kuma daga wuyar da mutum ya sha yana yaro. Sai ta tambaye ni wa ya rene ni.

Kai ka san amsar. Tun rasuwar mahaifiyata Gwaggo ta ɗauke ni. In na fasa ƙwarya, ta ƙulle mini kayana ta ce gobe za ta bayar da ni ga duk mai so. Ranar da ta tashi da fara'a kuma ni ce 'yar lele, har da ƙuli-ƙuli. Babu abin da ban gaya maka ba, amma gidan ka zaɓar wa 'yarka.

Wallahi sai na rama. Kai ma ban yafe maka ba, ko da yake ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Safara'u

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, tare da fatan aiki yana tafiya daidai. Nan lafiya lau muke, geron gonarka ya fitar da kai.

Ban fasa zuwa ganin likita ba. Ƙwayar barci kawai take ba ni, ta ce ainihin maganin shi ne zaman da muke yi ina koyon riƙe kaina idan abin ya taso. Ranar Alhamis na gwada karatun a gidan Gwaggo.

Ta ji labarin zuwana, sai ta tara maƙwabta, har da matar mai unguwa, su zama shaida. A gabansu ta ce mahaukaciya ba ta riƙon ɗa, uwata ma haka ta ƙare. Ta kamo hannuna ta ɗaga musu tabon ƙunar. Na ji zafin ya taso daga ƙirji zuwa wuya, ga taɓarya a jingine kusa da ni. Na san in na ɗaga murya sau ɗaya, Tahira ta zama tata. Sai na nemi buta na zagaya, na yi ta watsa ruwan randa a fuskata ina sakin numfashi a hankali har zafin ya sauka. Na dawo na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na yi wa Gwaggo godiyar ɗawainiya, na saɓi 'yata na goya. Aka rasa mai tare ni.

A bakin hanya Gwaggo ta cim mini ta riƙe gefen mayafina. Wai tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a gidan, ido ya yi rauni, surutun yarinyar ne ya sa ta koma cin abinci. Ta yi kuka sosai. Na laluba zuciyata ko zan sami tausayi, daɗi kawai na samu. Na kwantar da murya na ce ta yi haƙuri, bayan girbi zan dawo mata da ita.

Ba zan kai ta ba, har abada. Bayan girbi zan ce sai bayan salla, bayan salla in ce sai damina ta faɗi. Zan gaya wa likita, na san ba za ta yaba ba, amma darasin yafiya ban iso shi ba tukuna. Kai kuma kada ka kuskura ka faɗa mata gaskiya.

Jiya ta aiko direban motar Tofa da saƙo, wai ta saya wa Tahira 'yar akuya tana jiranta. Na ce a gaya mata ta kula da ita sosai.

Ka huta lafiya. Tahira tana gaishe ka.

Matarka,
Safara'u