Inna, Ranar da Alƙali Ya Zama Uban Ladi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina so in ba ki labarin abin da idona ya gani a watan Safar ɗin nan. Shekara tara da rasuwarki, amma har yau in abu ya cika mini ciki, ke nake nema.

Ba ki san Tabawa ba. Bayan rasuwarki ta zo daga ƙauye, muka ba ta ɗakin nan na kusa da rijiya, tana yi wa matan unguwar Shahuci surfe da daka. Mijinta ɗan dako ne, ya bi masu tafiya Makka a ƙasa, yau shekara huɗu babu ko saƙon baki. 'Ya ɗaya ya bar mata, Ladi, mai shekara shida.

Ƙaya ce ta soki Ladi a tafin ƙafa. Kafin sati biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa. Wanzami ya yi tsaga, mun dafa saiwa, abin sai gaba yake yi. Da Tabawa ta goya ta zuwa asibiti, likita ya ce sai an yi aiki, in aka ƙara kwanaki kuma ƙafar za a yanke. Amma ba zai sa wuƙa a jikin yarinya ba sai uba ko waliyyi ya yarda a rubuce. Aka je Ƙofar Kabuga wurin wan mijin Tabawa, ya ce shi ba zai miƙa wa Nasara 'yar ƙaninsa su yanka ba, me zai gaya wa uban in ya dawo? Ba mugunta ba ce, Inna, tsoro ne.

Sai na tuna karatun da kika biya mini a tsakar gida, kina kaɗi ina riƙe miki auduga, cewa yaron da ya rasa mai tsaya masa, alƙali ne mai tsaya masa. Na nemi izinin Malam, maigidana, in kai maganar gaban alƙali. Ya daɗe yana kallona, don tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa fita da rana tsaka ba. Ya ce, "Je ki, amma abin da kika gani kaɗai za ki faɗa."

Washegari muka tafi da Tabawa da Ladi, aka kira wan mijin. Kin san muryata. A gaban alƙali ba ta kai ko rabin zauren ba, sai muhuti, mataimakinsa, ne ya riƙa maimaita maganata da ƙarfi. Alƙali ya saurari wan mijin har ya gama, sannan ya sa aka kwance tsumman ƙafar.

Inna, dattijon nan ya sauko daga kan buzunsa, ya durƙusa a gaban 'yar mai surfe, ya ɗora hannu a goshinta. Ya juya ga wan mijin ya ce, "To in ta mutu fa, me za ka gaya masa?" Mutumin ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce, "Na ɗauke maka wannan nauyi. Har uban ya dawo, ni ne ubanta." Ya rubuta takarda, ya buga hatimi. Karatun da na ɗauka na hadda ne kawai, ga shi yana tafiya da ƙafa a gabana.

Saura laifina, don ba zan ɓoye miki ba. Na miƙa wa Tabawa takardar ban yi mata bayani ba, ita kuwa ba ta taɓa riƙe rubutu ba sai na laya. Da gari ya waye za mu fita asibiti na tambaye ta takarda, sai ta nuna mini wuyan Ladi. Ashe tun ranar shari'ar da la'asar ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata.

"Yaya Rakiya, rubutun alƙali guda, a bar shi a fili?" in ji ta.

Duk hanyar asibiti salati nake yi, ina tunanin inda basilla ta bi. Malamin asibiti ya yi dariya har da hawaye, ya ce da ta wanke ta ba yarinyar ta sha fa? Ya sa reza ya farke ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya. Basilla ta huda gefen takardar a wuri uku, ta bar hatimin lafiya lau. Kafin azahar aka shiga da Ladi.

Jiya ta tako daga ƙofar ɗaki har zaure da ƙafafunta biyu, tana ɗingishi, uwarta na biye da ita hannu a buɗe, ta kasa taɓa ta, ta kasa barin ta.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya kai miki ladan wannan ƙafa. Ya ƙara wa dattijon nan lafiya, Ya dawo wa Ladi da ubanta ya tarar da ita tana gudu. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya