Takardar Gonar Garo

Baban Mahbub,

Na kai Gwaggo asibiti a Kabo, ban samu jiranka ba. Da hantsi Jalo mai shagon intanet ɗin Gwarzo ya zo, wai bizarka ta yawon buɗe ido ta tsaya, sai an haɗa da takardar gonarmu ta Garo don su yarda za ka dawo. Na ce ya ɗauki hotonta da waya, yadda ya yi wa fasfo. Ya ce shi ainihinta yake so. Har da tambayata ko fadamar tana ciki! Ban ba shi ba, na ɓoye ta.

Don Allah kada ka sa hannu a komai sai Yaya Sabi'u ya duba. Ina ruwan biza da fadama?

Zaituna