Takardar da Abba bai karanta ba

Assalamu alaikum Goggo,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya su Kawu da yara?

Kamfanin su Abba na rage ma'aikata. Aka ce ko sallama ko aikin rabin yini. Ya sa hannu a kan rabin yinin nan take, wai yana kunyar karanta takardar a gaban maigidansa. Ashe izinin zamanmu a ƙasar nan sai da cikakken aiki.

Jiya ya dawo daga kasuwar Chow Kit da kwalayen haɗa kayan komawa gida. Umma ta ce, "Nusaiba, zaɓi littattafan soyayyarki biyu, sauran a bar su." A cikinsu kullum wani yakan zo ya gyara komai. Mu dai har yanzu shiru.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Inna.

'Yarki,
Nusaiba