Inda Rana Ta Fito a Broadstairs

Plumstead, London
8 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga Hamdatu, sanyin idona, inuwar da na samu bayan rana ta gama dukana, ruwan da ya sauka a gonar da mai ita ya riga ya fid da rai.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, da fatan ƙafar nan da tsayuwar kicin ɗin asibiti ke kumbura miki ta yi sauƙi. Na manta rabon da in rubuta wasiƙar da ba ta council, ƙaramar hukumar unguwarmu, ba. In kin ga alƙalamina yana tuntuɓe, ki yi masa uzuri, ya daɗe bai rubuta komai ba sai ƙorafi. Yau godiya zai rubuta, bai kuwa saba ba.

Ya farin watana, kin tuna abin da kika faɗa mini a watan Disamba, muna jiran bas a Woolwich, ranar da na ce ina son aurenki? Ba ki ce a'a ba. Cewa kika yi, "Malam Uwaisu, a zango, unguwarmu ta Hausawa can gida, namiji ba ya neman mace da bakinsa. Kawo mutanenka wurin yayana Alhaji Mahamudu kafin azumi. In ba ka da mutane, ni ma ba ni da amsa."

Mutanena! Na koma gida ina tauna kalmar nan kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Su wa ke nan? Ni da na zo ƙasar nan a 1969 karatun safiyo, wato awon ƙasa, ni da nake na ɗaya a ajinmu tun daga firamare, aka rako ni filin jirgi da kuka da addu'a. Gwamnati ta sauya a gida, tallafin karatu ya tsaya, na faɗi jarrabawar ƙarshe sau biyu, na ƙare ina duba tikiti a ƙofar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Waɗanda nake yi wa lissafi a aji su ne yau likitoci da manyan ma'aikata, su ne ke cika masallacin Regent's Park ranar Juma'a da manyan riguna. Ko bas ɗin da ke bi ta gaban masallacin ba na shiga. Na gaya wa kaina munafukai ne, na gaya wa kaina duniya ba ta san mai ƙwaƙwalwa ba. Na riƙe wannan ɗacin kamar shi ne takardar digirin da ban samu ba.

Sai ga ki a farkon Janairu kin ce in raka ki Broadstairs wurin ƙawarki Eunice, wadda kuka taso tare a Sekondi, mai aikin jinya a gidan tsofaffi. Na yi ta mita. Wane mai hankali ne ke zuwa bakin teku a tsakiyar hunturu? Amma na yi booking ɗin ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da gidan Eunice, kuma matar da ke da masaukin sai da ta tambaye ni sau biyu ko watan Yuni nake nufi.

Kai, Hamdatu, wane irin gari ne wannan kika kai ni! Gari kamar kasuwar ƙauye washegarin cinta. Rumfunan sayar da askirim a rufe da katako. 'Yan ɗakunan nan masu fenti shuɗi da rawaya jere a bakin yashi, kowanne da kwaɗonsa. Kujerun shan iska an tara su an ɗaure da sarƙa. Ba kowa sai tsofaffi biyu-uku da karnukansu, da fararen tsuntsayen nan masu kuka kamar jarirai. Shago ɗaya tak muka samu a buɗe mai soya kifi da dankali, muka ci a tsaye, iska tana neman ƙwace takardar daga hannunmu, ke kina cewa kifin Bature ba shi da rai tunda ba yaji, kina zaro ƙullin barkono daga jakarki. Rabona da dariya irin ta ranar, tun ina da baƙin gashi.

Ni kuwa garin ya shiga raina, domin na ga kaina a cikinsa: wurin da aka yi hidimarsa aka watse. Ke ba haka kika gan shi ba. Kika ce yanzu ne ma ake jin muryar teku, da bazara ai surutun mutane ne kawai. Wa ya koya miki kallon abu haka? Wa ya sa miki idon da ke ganin rai inda ni nake ganin kufai?

Washegari bayan sallar asuba muka haɗu a kan dogon bencin da ke saman fararen duwatsun nan na alli. Ruwa ya janye ya bar yashi yana sheƙi kamar sabon faranti. Wajen ƙarfe takwas rana ta ɓullo daga cikin teku, ja wur, can ta hannun damanmu. Ni da bakina da ba ya gajiya da gwaninta, na ce miki dubi ƙasar nan, ko rana ba ta san gabas ba a cikinta. Kika ce ai nan da take fitowa yanzu, kusan nan ce alƙibla. Sannan kika juyo kika tambaye ni ina nake duba idan zan yi salla a flat ɗina.

Na ba ki amsa da gadara. Na ce ranar da na tare, a watan Yunin 1974, na tashi da sassafe na ga inda rana ta fito, na shimfiɗa darduma ta can kamar yadda ake yi a garinmu, kuma ban taɓa gusar da ita ba.

Na karɓi lemarki na sauka kan yashi, na zana layuka irin waɗanda aka koya mini, na auna fitowar rana ta bazara, na auna ta hunturu, na auna Makka. Abin da ɗan aji ɗaya a safiyo ya sani ne, Hamdatu. Na sani a takarda, ban taɓa kawo shi kan dardumata ba. Kusan digiri saba'in na kauce. Shekara goma sha tara ina sujada ina fuskantar Sweden!

Na jira ki yi dariya, da kin yi ma da ya fi mini sauƙi. Amma sai kika sauko, takalminki yana nutsewa a jiƙaƙƙen yashi, kika ce a hankali, "Malam, ba lissafi ya ɓata ba. Shekara goma sha tara, ko baƙo ɗaya bai yi salla a ɗakinka ba? Da mutum ɗaya ya shiga, da ya gaya maka."

Ya rabin raina, an zage ni a ƙasar nan, an tofa mini yawu a bakin aiki, an kira ni da sunayen da ba zan rubuta miki ba, amma ba abin da ya taɓa tsaga ni kamar wannan tambayar. Ba duniya ce ta rufe mini ƙofa ba. Ni na rufe, na sa sakata, na zauna ina zagin masu wucewa. Na yi kuka a gabanki, ƙato da furfura, a bakin tekun da ba kowa. Na gode wa Allah da ya sa hunturu ne. Na gode miki da kika juya baya kina kallon ruwa har na gama, sannan kika miƙo mini shayi daga fulas ba tare da kin ƙara ko kalma ba. Wace mace ce ke sanin lokacin magana da lokacin shiru haka? Ke ce raɓar safiya, ba a jin saukarki, sai dai a ga ganye ya miƙe.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Juma'a uku na yi ina shiri ina fasawa. Ta farko na kai Baker Street na juyo. Amma ran Juma'ar da ta wuce na shiga masallacin Regent's Park. Bayan an idar na sami wani malami na gaya masa batun alƙibla, ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, Allah ya ga niyyarsa, in gyara kawai in ci gaba.

Ina neman takalmina a bakin shagon littattafai sai na ji an ce, "Uwaisu Mai Lissafi?" Lawal ne, wanda muka yi shekara biyar a benci ɗaya a sakandare, yanzu babban likita ne. Shi na fi tsoron haɗuwa da shi duk duniya. Ya tambaye ni me nake yi. Na daure na ce tikiti nake dubawa a tube. Kin san abin da ya ce? "To shi ne me? Kai dai Allah ya shirye ka! Mu da muka ɗauka ka mutu, har addu'a mun yi maka!" Ya rungume ni yana ta faɗa, wai yanzu wa zai mayar masa da fatihar da ya yi asara.

Shekara ashirin ina ɓuya daga mutanen da ba dariya suke mini ba, nemana suke. Wannan baƙin cikin ba zai bar ni da wuri ba, kada in yi miki ƙarya. Ni ba saurayi ba ne, ba ni da taushin hali, har yanzu ina tsaki idan na buɗe jarida. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne ƙofata ba za ta ƙara rufuwa ba, kuma bakin da ya saba da ɗaci zai koyi kiran sunanki kafin komai.

Na gaya wa Lawal maganarki tun kafin in ɗaura takalmi. Ya ce shi ne waliyyina, ko ina so ko ba na so. Ya kuma jawo wani dattijo ɗan garinmu, Malam Inusah, wanda ya san mahaifina. Goro ma Lawal ya ce kada in sa hannu, wai mutumin da bai san alƙibla ba ba za a aike shi zaɓen goro ba.

Saboda haka, ya hasken idona, ki gaya wa Alhaji Mahamudu ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar ya sa ran baƙi. Mutum biyu ne kacal. Ba su da yawa, amma nawa ne. Ni zan zauna a gida kamar yadda al'ada ta ce, kusa da tarho, in jira abin da za su dawo da shi.

Naki, daga yau har ranar da za a juya fuskata alƙibla a karo na ƙarshe,

Uwaisu