Tsamiyar Inna

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman nesa? Yaya Malam da ɗiya? Mu nan Tambuwal sai godiya.

Zaren da kinka ce in kaɗa miki don aikin rigar ɗanki Sani bai samuwa bana. Na tafi dajin Kebbe, wurin tsamiyar da marigayiya Inna ke ɗebo saƙar tsutsotsi tana kaɗa zare. Na iske masu gawayi sun sare ta.

Yaya, tsutsotsin suna nan. Sun yi layi, suna ta kewaya kututturen, babu inda za su hau. Na kwashe su cikin ƙwarya na kai gindin marke, sunka ƙi ganyensa. Ashe gaskiyar Inna, kowane ƙwaro da iccensa. Kwana uku duk sunka mutu.

Tun ranar ko salla nika yi sai in ga layin nan yana kewayawa.

Ki gaishe da kowa, ki sa mu addu'a. Kuma ki taho gida, tun da sauran inda za ki sauka.

Ƙanwarki,
Balki